Ruwa ba ya tsami banza: mu tambayi kifin tabkinmu



Yau maganarmu a kan tabki take. Kowa ya san darajarsa. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, inda duk ruwan damina ya kwanta, nan rayuwa take taruwa. Nan shanu da awaki suke sha. Nan mata suke wanki. Nan yara suke wanka da rana tsaka. Nan ake buga tubali, nan kuma ake ɗibar ruwan lambu idan kaka ta wuce. A waɗansu tabkunan akwai gaiwa da tarwaɗa. A waɗansu an zuba ƴaƴan karfasa don gari ya samu nama da ɗan kuɗi.

To amma wa ya san lafiyar wannan ruwa? Mukan dubi launinsa, mu sansana, mu ce lafiya lau. Alhali gubar zamani ba ta da launi idan ta narke a cikin ruwa mai yawa. Hanci ma ba ya jin ta. Sai ta gama ɓarna kafin mu farga.

Akwai wani shaida da ke kwana cikin ruwan, yana tashi cikinsa, yana numfashi da shi dare da rana. Wannan shaida shi ne kifi. Masana sun gano yadda ake karanta labarin ruwa a cikin ƙwaƙwalwar kifi da hantarsa, tun kifin yana da rai, tun bai nuna alamar ciwo ba. Ra'ayinmu shi ne: lokaci ya yi da za a riƙa yin wannan awo a tabkunanmu, kuma a riƙa faɗa mana sakamakon da harshen da muke ji.

Tabkinmu ba shi da ƙofar fita

Mu fara da duba halin ƙasarmu. Ba mu da kogi mai gudu duk shekara. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumomin Tasawa da Mayahi, kwari ne na goruba da rairayi, ba kasafai ruwa yake gudu a cikinsa ba. Damina wata uku ce ko huɗu. Ruwan da ya sauka a gonaki da titunan gari yana gangarawa wuri mafi ƙasa, ya tsaya can. Duk abin da ya kwaso a hanya, da shi yake tsayawa.

Kogi yana wanke kansa saboda yana tafiya. Tabki kuwa randa ce. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Daga kaka zuwa bazara rana tana shanye ruwan, yana raguwa, dattin yana taruwa a cikin ɗan abin da ya saura. Kuma a daidai wannan lokaci ne dabbobi suka fi dogara da shi.

Mene ne yake shiga? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Manomi ya gama feshin wake, ya zo bakin tabki ya wanke famfon feshi, ya zubar da ruwan wankin a nan. Mai lambu ya fesa wa kabeji da tumatir magani, taku goma daga bakin ruwa. An yar da kwalbar magani a gona, ruwan sama ya kawo ta. Mai moto ya wanke abin hawansa, baƙin mai ya bi ruwa. Injin ban ruwa yana ɗigar da mai a gaɓa. Uwargida ta wanke gidan sauro mai magani a cikin tabki. Babu wanda ya yi nufin cutar da kowa. Amma da kaɗan-kaɗan randa take cika.

Kasuwanninmu kuma cike suke da magungunan ƙwari da suka tsallako iyaka. Da yawa daga cikinsu ba su da izinin kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan feshi, wanda ƙungiyar CILSS ta kafa, mai mazauni a Bamako. Ana sayar da waɗansu a ƙananan kwalabe marasa takarda. Sananne a cikinsu shi ne piya-piya, wanda ake rubuta sunan gubarsa da haruffa huɗu, DDVP.

Mene ne anzim?

A cikin jikin kowane mai rai akwai waɗansu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani. Masana suna kiran su anzim. Kowane da aikinsa guda. Kun san aikinsu ko da ba ku san sunansu ba. Idan ka daɗe kana tauna tuwo, za ka ji ya fara zaƙi. Anzim ɗin da ke cikin miyau ne yake mai da garin hatsi sukari. Idan aka naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi, shi ma aikin anzim ne.

Biyu daga cikinsu ne suka shafi maganarmu.

Na farko sunansa kolinesteraz. Yana zaune a ƙwaƙwalwa, da jijiyoyi, da jini. Ga aikinsa. Idan mutum yana son ɗaga hannu, jijiya tana aika saƙo zuwa tsoka. Da zarar tsoka ta karɓa, dole a goge saƙon, don na gaba ya samu wuri. Ku tuna da allon makaranta. Idan ba a goge darasin jiya ba, aka rubuta na yau a kansa, aka ƙara na gobe, ba mai iya karanta komai. Kolinesteraz shi ne mai goge allon.

Magungunan ƙwari da yawa, irin su piya-piya, da fenitirotiyon, da kulorfirifos, da malatiyon, aikinsu shi ne ɗaure hannun mai goge allo. Saƙo sai ya hau kan saƙo. Ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Abin lura shi ne, wannan anzim ɗin ba ƙwaro kaɗai yake da shi ba. Kifi yana da shi, akuya tana da shi, ɗan Adam yana da shi. Shi ya sa mutumin da maganin ya kama yake zufa, miyau ya yi ta zuba, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ya yi amai da zawo, tsokarsa ta riƙa rawa, numfashi ya yi masa wuya.

Na biyu yana cikin hanta. Hanta ita ce mai gadin jiki. Idan dattin man fetur ko na baƙin mai ya shiga jikin kifi, hanta tana ƙara yawan wani anzim don ta farfasa dattin, kamar yadda gari yake ƙara masu gadi idan ɓarayi sun yi yawa. Awon wannan anzim ana kiran sa EROD.

Ashe ke nan alamomin biyu ne. Idan anzim na ƙwaƙwalwa ya ragu, maganin ƙwari ya shiga ruwa. Idan anzim na hanta ya ƙaru, mai ya shiga ruwa.

Darasin da aka koyo daga teku

Ƙasarmu ba ta da teku. Amma a bakin teku ne wannan ilimi ya girma, kuma da tsada aka saye shi.

A ƙasar Japan akwai wani garin masunta mai suna Minamata. Wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba ruwan datti mai ɗauke da gubar zaiba a cikin teku. Kifaye suka fara tasowa sama a mace. Kyanwoyin gari, masu cin ragowar kifi, suka riƙa tangaɗi suna faɗuwa. Mutane sun gani, ba a ɗauki mataki ba. A shekarar 1956 likitoci suka ba da sanarwar wata baƙuwar cuta a jikin mutane: hannu da ƙafa su mutu, magana ta karye, gani ya ragu. Aka riƙa haihuwar jarirai da naƙasa. Ba a daina zuba gubar ba sai a 1968. Mutane fiye da 2,000 ne hukuma ta tabbatar cutar ta kama. Kifi da kyanwa sun yi gargaɗi, ba a saurare su ba.

Masana kuwa sun ga cewa jiran kifi ya mutu jinkiri ne. Suka nemi alamar da take bayyana tun kafin mutuwa. A shekarar 1961 wani masani a Amurka, George Ellman, shi da abokan aikinsa, suka fito da hanya mai sauƙi ta auna kolinesteraz. Ana niƙa ɗan yankin ƙwaƙwalwa, ko a ɗauki ɗigon jini, a haɗa da waɗansu sinadarai. Ruwan sai ya juya ruwan ɗorawa. Idan ya rine da sauri, anzim yana da ƙarfi. Idan ya yi nawa, an ɗaure shi. Har yau da wannan hanya ake aiki.

A shekarar 1976 wani masani a Kanada, Jerry Payne, ya nuna cewa kifin tekun da ke kusa da matatar mai yana da anzim na hanta fiye da kifin da ke nesa. A 1989 wani jirgin ruwa mai suna Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska, ɗanyen mai wajen lita miliyan 40 ya malale. Bayan shekaru kaɗan gaɓar ta yi kyau a ido. Amma da aka auna hantar kifayen bakin gaɓa shekara goma bayan hatsarin, sai aka tarar har lokacin anzim ɗin yana sama a wuraren da man ya taɓa. Man ya ɓuya ƙarƙashin duwatsu da rairayi. Ido bai gan shi ba, hantar kifi ta gan shi.

Mu yi tunani. Teku da faɗinsa da igiyarsa bai iya ɓoye guba ba. Ina ga tabkin da yaro yake iya zagayawa kafin a gama dama fura?

Awon ba baƙo ba ne a Sahel

Wani zai ce wannan ilimin Turawa ne, ya fi ƙarfinmu. Ba haka ba ne. Ya riga ya iso ƙasashenmu ta hanyar yaƙi da fara.

Tun daga 1989 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fara wani aiki a ƙasar Senegal mai suna Locustox. An gwada magungunan fara a kan tabkunan damina irin namu, aka duba abin da suke yi wa halittun ruwa. An ga waɗansu magungunan suna kashe ƙananan halittun da ke zaune a tabki. Saboda irin wannan bincike ne ake umartar masu feshin fara su bar tazara tsakaninsu da ruwa.

Dattawanmu ba su manta da farar 2004 ba, da yunwar 2005 da ta biyo baya, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mugun kamu. A yaƙin da aka yi da wannan fara, daga 2003 zuwa 2005, an fesa magani wajen lita miliyan 13 a ƙasashen arewa da yammacin Afirka. A irin wannan yaƙi, ƙa'ida ita ce a auna kolinesteraz a jinin ma'aikacin feshi kafin ya fara aiki, a riƙa sake aunawa yana cikin aikin. Ɗigo ɗaya ake ɗauka daga yatsa, kuma akwatin awon mutum guda yana ɗaukarsa da hannu. Idan anzim ɗin ya ragu da kashi 30 cikin 100, sai a janye mutumin daga aiki har jikinsa ya farfaɗo, ko da bai ji ciwon komai ba.

To abin da ake yi wa jinin ma'aikaci, kusan shi ne ake yi wa ƙwaƙwalwar kifi. Masana sun lura cewa idan anzim ɗin kifi ya ragu da kashi 20 cikin 100, alama ce cewa magani ya taɓa shi. Idan raguwar ta wuce kashi 70, yawancin kifaye suna bakin mutuwa. Tsakanin 20 da 70 akwai fili mai faɗi. A cikin wannan fili kifi yana iyo, ana kama shi, ana soya shi a kasuwa, ba wanda ya san komai. Wannan filin ne lokacin gyara.

Masu ilimin ma muna da su kusa. A Maraɗi akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Akwai cibiyar binciken noma ta INRAN. A Yamai akwai ɗakin awo na ƙasa, LANSPEX. Daga Tasawa ko Mayahi zuwa Maraɗi tafiyar ƴan awoyi ce. Kifi a cikin ƙanƙara zai isa lafiya.

Amsa ga masu ja da wannan magana

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya ce: me ya sa ba za a auna ruwan kansa ba? Awon ruwa yana da amfani, ba mu raina shi ba. Amma kwalbar ruwa labarin rana ɗaya take bayarwa. Irin waɗannan magunguna suna lalacewa a cikin ruwa mai ɗumi bayan kwanaki ko ƴan makonni. Idan an wanke famfo ranar kasuwa, ma'aikaci ya zo bayan kwana goma, yana iya tarar da ruwa ba komai. Ƙwaƙwalwar kifi kuwa takan yi makonni kafin ta koma daidai. Ɓarawo ya tafi, sawunsa yana nan. Ban da haka, neman sunan kowace guba a cikin ruwa yana buƙatar manyan na'urori masu tsada. Awon kifi ya fi araha, shi zai nuna tabkin da ya cancanci a kashe masa wannan kuɗi.

Na biyu ya ce: mu talakawa ne, in ba mu yi feshi ba tsutsa ta cinye wake. Gaskiya ne. Ba mu ce a bar gona ga ƙwari ba. Wanda ya taɓa ganin gonar wake ta yi fure ta zubar ya san zafin abin. Cewa muka yi a raba magani da ruwan sha. Wanke famfo nesa da tabki ba ya cin ko dala. Kuma akwai wuraren da ba a buƙatar gubar sam. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masanan INRAN na Maraɗi suka yi aikinsa tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, aka fara yaɗa shi a 2007, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska. Tun 2006 ake sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro a gonakin hatsi, yana kashe tsutsar zangarniya. Ruwan ƴaƴan bedi yana rage ƙwarin lambu. Mu kuma tuna cewa guba tana ɓata kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan DDVP da aka samu a cikinsa.

Na uku ya ce: tun kakanninmu kifi yake mutuwa da bazara, ba yau aka fara ba. Wannan ma gaskiya ne. Idan ruwa ya yi zafi ya ragu, iskar da ke cikinsa tana ƙarewa, kifi ya shaƙe. Ruwan farko ma yana kwaso kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye ya jawo haka. Daidai nan ne amfanin awo yake. Shi zai raba gardama. Ba tare da shi ba, makiyayi zai zargi mai lambu, masunci ya zargi manomi, a yi ta faɗa a kan zato.

Na huɗu ya ce: shin awon yana ganin kowace guba? A'a, kuma dole mu faɗi wannan a fili. Ba ya faɗin sunan maganin, iyalinsa kawai yake nunawa. Akwai magunguna irin su lamda da deltametirin da maganin gidan sauro, masu saurin kashe kifi, waɗanda wannan awo ba ya kama su sosai. Ba ya ganin ƙwayoyin cutar kwalara ko tsutsar tsargiya. Kuma dole a gwada kifi da kifi: iri ɗaya, girma ɗaya, lokaci ɗaya, ɗaya daga tabkin da ake tuhuma, ɗaya daga tabki mai tsabta. Kifi shaida ne guda ɗaya, ba shi ne alƙali ba. Amma shari'ar da ba ta da shaida ko ɗaya ina za ta kai?

Mu mutanen jihar Maraɗi mun san kuɗin jinkirin awo. A garin Tibiri, tun daga 1985, jama'a sun yi shekaru wajen goma sha biyar suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuliyor. Ruwan garau yake a ido. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan waɗansu suka lanƙwashe, dubban yara abin ya shafa. Ba kifi ne zai gano wannan ba, awon ruwa ne. Amma darasin ɗaya ne. Idan ba a auna da wuri ba, jikin yaranmu ne yake zama ma'auni.

Abin da idonmu yake iya gani

Kafin masu awo su iso, mu ma muna iya karanta waɗansu alamomi.

Idan ƙarancin iska ne, kifaye sukan taso sama da asuba suna haɗiyar iska, rana ta ɗaga su koma. Manya ne suke fara mutuwa. Tarwaɗa da gaiwa sukan tsira, domin suna iya shaƙar iskar waje. Kwaɗi suna nan lafiya.

Idan guba ce, mutuwar takan zo farat ɗaya, a kowane lokaci na yini. Ƙanana ne suke fara mutuwa. Kifi yana juyi, yana zabura, yana kifewa, fuka-fukansa na gefe sun miƙe gaba. Talibambam da ƙwarin ruwa su ma suna mutuwa. Bakin tabki ya yi shiru da dare.

Wanda ya ga haka, kada ya tsinci kifin, kada ya sayar, kada ya ba kare ko kaji. A janye yara da dabbobi. A sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji a ranar. A ɗebi kifaye biyar ko goma da suke gab da mutuwa, a sa su a leda mai tsabta cikin ƙanƙara, domin wanda ya ruɓe ba ya ba da shaida. A cika kwalba mai tsabta da ruwan. A rubuta sunan tabki da rana da lokaci. Ga amfanin karatun da muka koya.

Idan kuwa mutum ne maganin ya kama, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi gidan likita tare da kwalbar maganin. Kada a ba shi madara ko mai. Kada a sa shi amai da ƙarfi. Likita yana da allurar da take karya wannan guba idan an zo da wuri.

Namu aikin da na hukuma

Ga abin da yake hannunmu tun daga yau:

1. Kada a wanke famfon feshi a tabki ko a bakin rijiya. A ɗebi ruwa a bokiti, a wanke a cikin gonar da aka fesa, a zubar can.

2. Kada a yi feshi a bakin ruwa, ko lokacin da iska take kaɗawa wajen tabki, ko idan hadari ya haɗu.

3. Kwalba ko bidon magani, a ɗauraye shi sau uku, a zuba ɗaurayen a cikin famfo, a huda shi. Kada ya koma na ruwan sha, ko na nono, ko na mai.

4. Kada a sayi maganin da ba shi da takarda. A nuna wa malamin gona kafin a buɗe.

5. Gidan sauro a wanke shi a kwano, a zubar da ruwan nesa da tabki. Kada a mai da shi koma.

6. Baƙin mai a tara shi a gwangwani. Moto da mota a wanke su nesa da ruwa.

7. Kamun kifi da guba haramun ne a dokar ƙasa. Mai yin sa yana kashe uwa da ƴaƴa, yana kuma sayar wa ɗan uwansa cuta.

Ga kuma abin da muke nema daga magadan gari, da sarakuna, da ma'aikatan gandun daji, da na gidan gona, da malaman jami'a.

A zaɓi manyan tabkunan da suke riƙe ruwa da kifi a gundumar Tasawa da ta Mayahi. A riƙa auna kifinsu sau biyu a shekara: sau ɗaya a ƙarshen damina bayan feshin wake, sau ɗaya a tsakiyar noman rani. Duk aikin raya karkara da zai kashe kuɗi ya zuba ƴaƴan kifi a tabki, ya ware kaɗan don wannan awo. Ba hikima ba ne a sayi iri a shuka a gonar da ba a san lafiyarta ba. Ɗalibanmu na jami'a suna neman abin da za su yi bincike a kansa, ga shi a ƙofar gidan iyayensu. Ƴan birgadin ƙauye masu yi mana feshi su ma a riƙa auna jininsu, kamar yadda ake yi wa ma'aikatan yaƙi da fara.

Abu mafi girma shi ne kada sakamakon ya kwanta a cikin takardar Faransanci a wani ofis. A karanta shi da Hausa a rediyon karkara. A manna shi a ƙofar magajin gari. A kawo shi ajin yaƙi da jahilci mu karanta da bakinmu. Mai shan ruwa shi ya fi kowa haƙƙin sanin abin da ke cikinsa. Idan labarin mai daɗi ne, masunci ya sayar da kifinsa da ƙwarin gwiwa. Idan marar daɗi ne, gari ya zauna ya nemo ƙofar da gubar take shigowa, ya toshe ta tun ba a yi rashi ba.

Jama'a, a zaman ajinku na gaba ku ɗauki allo ku rubuta sunayen tabkunan garinku. A gaban kowane suna ku rubuta wa yake sha, wa yake wanki, wa yake feshi kusa da shi. Ku kai wa mai gari wannan takarda. Daga nan aikin yake farawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya tsare mana yaranmu da dabbobinmu. Amin.